Kafin Ki Koma Zama a Tsibiri: Jagora Ga Mata

Matan da ke barin ƙasashensu su koma zama a tsibiran yankuna masu zafi ba iri ɗaya ba ne. Akwai ma'aikaciyar jinya da aka ɗauka aiki a Seshels, akwai malamar makaranta a Fiji, akwai mai aikin otal a Maldibs, akwai kuma wadda aikin maigidanta ya kai ta Morishas ita da 'ya'yanta. Tun daga shekarar 2020 an sami ƙarin masu aiki ta intanet, bayan da Barbados ta fito da izinin zama na wata 12 domin irinsu, Morishas ma ta bi sahu da nata na shekara guda wanda ake sabuntawa. Abin da ya haɗa waɗannan mata duka shi ne sun zaɓi zama a wurin da ruwa ya kewaye ta kowane ɓangare, wanda sau da yawa filin jirgin sama ɗaya gare shi, da babbar tashar jiragen ruwa ɗaya, da babban asibiti ɗaya. Wadda ke zaune inda titi ya haɗa garuruwa, idan al'amura suka ɓaci mota za ta shiga ta kama hanya. Mazauniyar tsibiri kuwa jirgi za ta jira, shi kuma jirgi ba ya ɗaukar mutum sai da kuɗi da takardu, ba ya kuma tashi sai yanayi ya yi kyau. Saboda haka tambayar da nake so ki riƙa yi wa kanki a kowane mataki na shirin tafiyarki ita ce: idan na buƙaci fita, a hannun wa hanyar take?

Ki fara da zuwa ki gani, kuma ki zaɓi lokacin da masu yawon buɗe ido ke gudu. Kwana goma a otal lokacin da iska ke kaɗawa ba za su nuna miki komai game da zaman shekara biyu ba. A yankin Karebiya lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, a kudancin tekun Fasifik da kudu maso yammacin tekun Indiya kuwa daga Nuwamba ne zuwa wajen Afrilu, kuma a waɗannan watanni ne zafi da laima da sauro ke kai maƙura. Idan da hali ki kama ɗaki a unguwar da mutanen gari ke zaune na tsawon mako uku ko huɗu, ki yi cefane da kanki, ki shiga motar haya, ki je asibiti ki ga layin da ake bi, ki kwana a gidan da wuta ta ɗauke. Gani ya kori ji. Wadda kamfani ya ɗauka daga nesa ba lallai ta sami wannan dama ba. Ita sai ta nemi a haɗa ta da macen da ta riga ta yin wannan aiki a wurin, ta fi mayar da hankali ga wadda ta gama ta bar tsibirin, domin ita ce ba ta da abin da za ta ɓoye.

Maganar takardu ita ce na fi so ki zauna a kanta, don a nan ne mata suka fi shiga hannun wasu ba tare da sun ankara ba. Izinin shiga ƙasa daban, izinin zama daban, izinin aiki kuma daban. A ƙasashe da yawa matar da ta shigo a matsayin mai rakiyar miji ba ta da damar yin aikin albashi da wannan takarda, ko da kuwa ta fi mijin ilimi, kuma izinin nata yana rataye ne a jikin nasa: idan aikinsa ya ƙare, ko auren ya mutu, ko Allah ya yi masa rasuwa, zamanta ya ƙare ke nan cikin ɗan wa'adin da doka ta yanka. Kafin ki amince da tafiya ki nemi amsar abu uku a rubuce daga hukumar shige da fice ta ƙasar, ba daga bakin ma'aikacin kamfanin maigida ba: ko za ki iya aiki, ko za ki iya sauya izininki ya zama na kanki ba tare da kin fita ƙasar ba, da kuma kwana nawa ake ba mutum ya tattara kayansa idan izinin ya faɗi. Haka nan izinin masu aiki ta intanet, irin na Barbados, sharaɗinsa shi ne kuɗinki daga waje suke zuwa; ba lasisi ba ne na buɗe shago ko karɓar aiki a cikin gari.

Wadda aka ɗauka aiki da sunanta ta fi 'yanci, amma ita ma izininta galibi a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ta, ta yadda barin aikin yana nufin barin ƙasar. Ki karanta kwantiraginki layi bayan layi tun kina gida, ki duba wa zai biya tikitin komawa idan aka rabu kafin wa'adi, wa ke da alhakin masauki, kuma ko za a fitar da ke daga masaukin ranar da aikin ya tsaya. Wannan batu ya fi nauyi a wuri irin Maldibs, inda otal guda kan mamaye tsibiri guda, ma'aikata suna kwana a can, suna ci a can, kuma jirgin ruwan da zai kai su gari na otal ɗin ne. Fasfonki kuwa kada ya kwana a hannun kowa, ko shugaban wurin aiki, ko dillalin da ya samo miki aikin, ko da an ce miki ajiya ce kawai. Ki ɗauki hoton kowane shafi mai hatimi, ki aje a wayarki da imel ɗinki, ki kuma bar kwafi a hannun wanda kika yarda da shi a ƙasarku. Ki binciko inda ofishin jakadancin ƙasarku mafi kusa yake, domin ƙananan tsibirai kaɗan ne ke da ofisoshin jakadanci masu yawa, kuma zai yiwu wanda ke kula da ke yana wata ƙasa mai nisan sa'o'i a jirgin sama.

Akwai wani abu da uwa ba ta son tunaninsa alhali aure na zaune lafiya, amma ya zama dole in faɗa. A ƙarƙashin yarjejeniyar birnin Heg ta 1980 kan ɗauke yara zuwa wata ƙasa, kotun ƙasar da yaro ya saba zama ce ke da hurumin yanke hukunci a kan riƙonsa. Ma'ana, idan iyali suka zauna a tsibiri har ya zama nan ne gidan yaran, sannan saɓani ya shiga, uwa ba za ta iya ɗaukar 'ya'yanta ta koma ƙasarta ba sai da yardar uba ko umurnin kotu. Idan ta yi gaban kanta ana iya tilasta mata mayar da su. Morishas da Fiji suna cikin yarjejeniyar, Indunusiya ba ta ciki, kuma rashin shiga ba sauƙi ba ne, sai dai wata irin wahalar ta daban ga wanda aka ɗauke wa yara. Mata da dama sun tsinci kansu a tsakani: ba su da izinin aiki, ba su da hanyar tafiya da 'ya'yansu, ba kuma za su tafi su bar su ba. Zama na sa'a ɗaya da lauyan da ya san dokar iyali ta ƙasar, kafin a tashi, ya fi shekara ana kai da komo a kotu. Wadda kuma za ta auri ɗan tsibirin ta san dokar aurensu tukuna. A Filifins, alal misali, babu dokar saki sai ga Musulmi.

Mallakar ƙasa ma haka take. Tsarin mulkin Filifins ya hana baƙo mallakar fili, dokar ƙasa ta Indunusiya ta 1960 ta keɓe cikakkiyar mallaka ga 'yan ƙasa, a Fiji kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasa ta 'yan asalin wurin ce, ba a sayar da ita, sai dai a bayar da ita haya ta shekaru. Duk wanda ya ce ki zuba kuɗinki a sayi fili da sunansa, ko saurayi ne, ko miji, ko abokin kasuwanci, ki sani a idon doka filin nasa ne. Shekarar farko dai haya za ki kama.

Sai lafiya, wadda ita ce ke nuna ainihin ƙanƙantar tsibiri. Seshels na da tsibirai 115, amma babban asibitin ƙasar yana Biktoriya a tsibirin Mahe. Maldibs na da tsibirai fiye da 1,100, kimanin 200 ne ke da mazauna, kuma manyan likitoci sun taru ne a Male, babban birnin. Don haka tambayar da za ki yi ba ta tsaya ga ko akwai asibiti ba. Ki tambaya ko akwai likitan mata da ke kwana a tsibirin, ko ana yin tiyatar haihuwa da tsakar dare, ko akwai ajiyar jini, ko akwai kwalbar sa bakwaini, sannan minti nawa ake yi zuwa inda waɗannan suke idan teku ta harzuƙa jirgin fito ya ƙi tashi. Mazauna ƙananan tsibirai sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa mai ciki kan ƙaura zuwa babban gari makonni kafin watanta ya tsaya. Idan kina son haihuwa a wata ƙasa, ki lissafa da wuri, domin yawancin kamfanonin jiragen sama suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36.

Inshorar da za ki saya ta ƙunshi ɗaukar majiyyaci a jirgin sama zuwa asibitin wata ƙasa, domin wannan hidima ita kaɗai tana iya cinye ajiyar shekaru. Ki kuma lura cewa kamfanonin inshora kan sa wa'adin jira, galibi wata 10 zuwa 12, kafin su fara biyan kuɗin ciki da haihuwa, saboda haka wadda ta saya bayan ta sami ciki ta makara. Duk maganin da kike sha a kai a kai, na hawan jini ne, ko na asma, ko na tazarar haihuwa, ki tafi da na watanni tare da takardar likita mai ɗauke da asalin sunan maganin, ki kuma tabbatar ƙasar ta halatta shigo da shi. Indunusiya musamman ba ta wasa da dokar ƙwayoyi.

Sauron da ya fi damun tsibirai ba irin mai cizon dare ba ne. Morishas da Seshels da Maldibs ba su da zazzaɓin cizon sauro na maleriya, ko da yake yana nan daram a tsibiran Solomon da Fafuwa Niyu Gini, amma akwai wani sauro mai zane fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, musamman da safe da kuma yamma, kuma shi ne ke yaɗa cututtukan zazzaɓi da ake kira dengi da cikungunya da zika. Ba a kududdufi yake ƙyanƙyasa ba, a ruwa mai tsabta ne da ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunyar fure, ko a tsohuwar taya, ko a murfin bokiti. Ki zagaya gidanki sau ɗaya a mako ki zubar da duk irin wannan ruwa. Cikungunya ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin Riyuniyon da ke tekun Indiya tsakanin 2005 da 2006, zika kuma, wadda ta ratsa Karebiya a 2016, tana iya tauye girman ƙwaƙwalwar jariri a ciki, don haka mai ciki ko mai niyya ta tuntuɓi likita kafin tafiya. Idan zazzaɓi mai zafi ya kama ki tare da ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan ido, farasitamol kawai za ki sha, ban da asfirin da ibuprofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, kuma ki fi sa ido a ranar da zazzaɓin ya sauka, don a lokacin ne dengi kan juya ya yi muni. Manyan kifayen da ke farautar wasu kifaye a kewayen duwatsun murjani na cikin teku, irin su barakuda, kan ɗauki wata guba da dafuwa ba ta kashewa. Ki tambayi masunta wane kifi ne su kansu ba sa ci.

Gidan da za ki kama, ki dube shi da idon damina. Wanda ke daf da teku ya fi kyau a hoto, amma iskar gishiri tana cin ƙarfe, ta sa tsatsa a makullai da firji da cikin kwamfuta, kuma shi ne ruwa ke fara shiga idan teku ta tumbatsa. Laima kuwa sai wadda ta zauna ta san ta: za ki rufe kabad ki yi tafiyar mako biyu, ki dawo ki tarar takalmin fata ya yi fumfuna kore shar, littattafai sun kumbura, gishiri ya narke a kwalba, ambulan sun manne da kansu. Gida mai tagogi biyu da ke kallon juna, mai raga a kowace taga, a kan ɗan tudu, ya fi mai na'urar sanyaya ɗaki a kwari, musamman da yake tsibirai da yawa da man dizal da aka shigo da shi suke samar da wuta, kuɗinta kuma yana da tsada ƙwarai. Ki tambayi maigidan haya daga ina ruwa ke zuwa, domin wasu wurare ruwan sama ake tarawa daga rufi zuwa tanki, wasu kuma ruwan teku ake tacewa, kuma idan tanki ya ƙafe da rani saye za ki yi.

Kusan duk abin da ke kan kantar shago jirgin ruwa ne ya kawo shi, an kuma ɗora masa kuɗin dako da na kwastan, shi ya sa albashin da ya yi miki kyau a takarda zai iya ƙarewa kafin wata. Ranar da jirgin ya makara za ki shiga shago ki ga wurin madarar jarirai fayau, sai dai tambarin farashi. Abin da ba ki iya zama babu shi, kamar audugar mata, da man gashi ko na fata da jikinki ya saba da shi, da rigar nono daidai girmanki, ki riƙa aje na wata biyu gaba.

Guguwa ba ta zuwa kowace shekara, wasu wurare ma, irin manyan tsibiran Seshels, suna wajen hanyarta, amma idan ta zo tana rufe ƙofar fita baki ɗaya. A watan Satumba na 2017 guguwar Irma ta ragargaza tsibirin Barbuda da ke yankin Karebiya har aka kwashe mazaunanta, waɗanda ba su kai 2,000 ba, zuwa Antigwa. A ranar 15 ga Janairun 2022 aman wutar wani dutse da ke ƙarƙashin teku ya tsinke wayar intanet ɗaya tilo da ta haɗa Tonga da sauran duniya, aka yi kimanin mako biyar kafin a gyara, abin da ya kamata mai dogaro da intanet wajen cin abinci ta riƙe a ranta. Kafin lokacin guguwa ya kama ki tanadi ruwan sha, aƙalla lita 4 ga kowane mutum a rana na kwanaki da dama, da abincin gwangwani, da tocila, da ƙaramar rediyo mai batir, da tsabar kuɗi domin na'urar cirar kuɗi ba ta aiki babu wuta, da takardunki a cikin leda mai zif. Ki san mafakar unguwarku tun sama na garau. Idan kuma kina bakin teku ƙasa ta girgiza sosai, ko ruwa ya janye ba zato, ki nufi tudu nan take ba tare da jiran sanarwa ba.

Zama da mutane shi ne abin da babu takardar da za ta shirya miki. A ƙaramin tsibiri ɗan sandan da ya tsayar da ke zai iya zama ɗan'uwan maigidan hayarki, ma'aikaciyar jinyar da ta duba ki kuma maƙwabciyar shugabanki, don haka maganar da kika yi da safe tana iya riga ki isa gida. Wannan kusanci kariya ne, domin da wuya ki kwanta ciwo ba a leƙo ki ba, amma yana zama kurkuku ga macen da ake cutarwa a gida, wadda kowa ya san mijinta kuma babu unguwar da za ta ɓuya. Saboda haka tun kina lafiya ki aje lambar ƙungiyar da ke taimakon mata a ƙasar, ki kuma sami mace ɗaya da ba ta da alaƙa da wurin aikinki ko na maigida, wadda za ki iya buga wa ƙofa da dare.

Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka a watannin farko ki yawaita kallo ki rage magana. Rayuwar bakin otal ba ita ce ta gari ba. A Zanzibar da tsibiran Maldibs da jama'a ke zaune ana sa ran mace ta suturta jikinta a cikin gari. A ƙauyukan Fiji ana rufe kafaɗu, ba a sa hula, kuma baƙo kan fara kai gaisuwa ga sarkin ƙauye da saiwar kava, wata shuka da suke yin abin sha da ita. A Tonga tsarin mulki ne ya hana kasuwanci ranar Lahadi. A tsibirin Bali na Indunusiya akwai ranar Nyepi da ake rufe komai har filin jirgin sama na sa'o'i 24, baƙi ma ba sa fita titi. Ki koyi harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, Kiriyol ne a Morishas da Seshels, ko Swahili a Zanzibar, ko Dibehi a Maldibs, ko da gaisuwa da ƙirga ne kawai da farko. Ki kuma tuna cewa hayar da ke biya cikin sauƙi tana iya zama abin da ya kori ɗan gari daga unguwar kakanninsa, kuma mai yi miki aikin gida ta bar nata yaran ne ta zo. Ki biya ta haƙƙinta cikakke a kan lokaci.

Ƙawance da baƙi 'yan'uwanki yana da daɗi kuma yana ƙulluwa da sauri, sai dai yawancinsu kwantiragin shekara biyu ko uku ya kawo su, kuma wadda ta jingina da su kaɗai za ta wayi gari tana rakiya filin jirgi duk bayan watanni. Kewa takan zo ne bayan ɗokin farko ya lafa, lokacin da kika gane titin da kike bi zagaye yake yi ya dawo da ke inda kika taso, kuma ta fi tsanani ga wadda ta bar aikinta ta biyo miji, shi yana fita da safe ita tana gida da ƙarar fanka. Irin wannan mace ta nemi abin da zai fitar da ita a ranaku sanannu, karatu ne ta intanet, ko aikin sa kai idan izininta ya yarda, ta kuma sabunta lasisin sana'arta don kada ya mutu. Idan rashin barci da kuka da ƙin abinci suka wuce mako biyu, likita za ta gani.

Daga ƙarshe, ki buɗe asusun banki da sunanki ke kaɗai, a ƙasar da za ki iya taɓa shi daga ko'ina, ki zuba kuɗin tikitin fita naki da na 'ya'yanki a farashin gaggawa, tare da abin da zai riƙe ku wata uku, kuma kada ki taɓa shi don wata hidima. Idan da miji za ki tafi, ku sa rana tun kafin tashi, wata shida ko shekara bayan isa, da za ku zauna kowa ya faɗi yadda zaman ya karɓe shi, ku kuma amince a rubuce a kan abin da za a yi da yara idan ɗayanku ya so komawa. Ki duba ranar ƙarewar fasfon kowa a gidan sau biyu a shekara, domin ƙasashe da dama, har da waɗanda jirginki zai yada zango a cikinsu, ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida.